Wai hira da kwalliya kawai mata suke nema a wasannin intanet?

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, ina jagorantar wata ƙungiya a ɗaya daga cikin wasannin nan na waya da mutum ke ƙera jaruminsa ya shiga duniya ɗaya da dubban jama'a. Mu wajen 40 ne, daga Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, amma mata shida kacal muka taɓa samu. Samarin sun ce mata ba yaƙi ya kawo su ba, hira ce da sauya wa jaruma kaya, saboda haka a bar musu aikin warkar da waɗanda suka ji rauni. Yanzu biyu daga cikin matan sun bar mu. Da gaske ne abin da ke burge mace a wasa daban yake da na namiji? Halitta ce ko kuwa?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Riƙe mutum 40 wuri ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, balle mutanen da ko dala ba ka biyansu.

Bambanci akwai shi, an auna shi ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Sai dai bai kai girman da samarinka suke ba shi ba, kuma ba inda suke nuna yatsa yake ba. Mafi yawan abin da kake gani a ƙungiyarku ba abin da mata suke so ba ne, abin da aka bar musu ne.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan tambaya. A 1996 Richard Bartle, ɗan Ingila, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro kakan irin waɗannan wasanni a Jami'ar Essex a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da rubutu ne zalla babu hoto, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman hawa mataki, masu yawon gano lungu da saƙon duniyar wasan, masu neman jama'a, da masu farautar 'yan'uwansu 'yan wasa. Abin da idonsa ya gane masa ne ya rubuta, bai yi ƙidaya ba. Wanda ya zo ya yi ƙidayar shi ne Nick Yee, da ya shafe shekaru yana aika wa 'yan wasan EverQuest, wani wasan kwamfuta irin naku, da ire-irensa tambayoyi. A 2006 ya fitar da sakamakon amsoshin mutum 3,000, inda ya samu dalilai goma da ke zaunar da mutum gaban wasa, ya ɗaure su dami uku. Damin farko na neman nasara ne: hawa mataki, sanin lissafin da ke ƙarƙashin wasan, da gasa da wasu. Na biyu na jama'a ne: hira, ƙulla abota mai zurfi, da aikin gayya. Na uku na nutsewa cikin duniyar ne: gano sababbin wurare, shiga rigar jarumi da labarinsa, tsara kamanninsa, da guje wa damuwar rayuwa na ɗan lokaci.

A damin nasara maza sun ɗara mata, wannan gaskiya ne, kada mu ɓoye. A ƙulla abota mai zurfi, irin wadda mutum zai faɗa maka matsalar gidansu, mata sun ɗara maza. Amma a hira ita kanta, wadda samarinka suka jingina wa mata, babu wani bambanci. Maza suna zuba surutu daidai da mata, abin da suke nema a cikin surutun ne ya sha bamban. Wannan kam ba sai an je Amurka ba. Ka saurari ƙungiyarku daren Asabar ka ji ko rabin maganar ba ta ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ba ce, da ta wanda ya ci bashin data ya yi ɓatan dabo.

Akwai kuma abin da mutane ke tsallakewa a wannan binciken. Yee ya ce idan ana maganar son nasara, shekaru sun fi jinsi bayyana bambancin da ke tsakanin mutane. A wani babban bincikensa na mutum 30,000, wanda shi ma ya fito a 2006, matan da ke wasa sun girmi mazan: su kusan shekara 32 a matsakaici, mazan kusan 26. To idan ka ɗora yaro ɗan shekara 19 mai jini a jika a sikeli ɗaya da matar da ta haura 30, ka ga shi yana neman wanda zai kayar ita kuwa ba ruwanta, me ka auna, jinsi ko ƙuruciya? Daga baya Yee da abokin aikinsa Nicolas Ducheneaut suka kafa kamfanin Quantic Foundry a 2015, suka tara amsoshin mutane sama da 250,000. Can ma haka ta fito. Son gasa shi ne abin da ya fi saurin dusashewa idan mutum yana manyanta, kuma tazarar da ke tsakanin maza da mata a kansa tana raguwa har ta kusa ɓacewa wajen shekara 45. Kai kanka ka duba 'yan ƙungiyarku da suka yi aure suka fara biyan kuɗin haya, ka ga ko har yanzu suna kwana ido biyu don sunansu ya hau saman jeri.

A wannan tarin amsoshi an duba abin da ya zo na ɗaya a zuciyar kowane mutum cikin dalilai 12. Na maza, gasa ce ta zo farko, sai ɓarna, wato fashe-fashe da harbe-harbe. Amma gasar nan da ta zo ta ɗaya, kusan kashi 14 cikin ɗari na mazan ne kawai suka sa ta a gaba. Namiji ɗaya cikin bakwai ke nan. Sauran shidan wani abu ne daban ya fi jan su. Na mata kuwa ba hira ce ta zo farko ba, ba kuma kwalliya ba. Kammalawa ce: a gama kowane aike da wasan ya bayar, a tattara duk abin da ake tattarawa, kada a bar ko kusurwa ɗaya ta taswira ba a buɗe ba. Kusan kashi 17 cikin ɗari. Bayanta sai son zama wani a wata duniya daban, tsara kamanni kuma a bayansu yake.

Ka tsaya a kan kammalawar nan, don ita ce samarinka ba su gani. Nasara ce ita ma, sai dai ba ta buƙatar a ga wani a ƙasa. Wata ɗalibata 'yar Marwa ta taɓa nuna mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai layin murabba'i. Ta ja layi da biro ta raba kowane shafi gida uku: sunan yanki, abin da ta samo, abin da ya rage. Duk akwatin taskar da ta buɗe ta soke shi da ja, wanda ya gagare ta ta zagaye shi ta rubuta dalili a gefe da Faransanci, ko dutsen ya yi tsawo ko tana buƙatar wani makami tukuna. Wannan yarinya ba ta taɓa shiga filin fafatawa da kowa ba, kuma a ma'aunin samarinka ba 'yar wasa ba ce. Amma idan ƙungiyarta na neman inda wani ganye yake tsirowa don haɗa magani, ita ake tasa daga barci.

Maganar kwalliya kuwa dariya take ba ni. Su wa ke tura kuɗi ta waya suna sayen lu'ulu'u a wasan harbi na Free Fire don jaruminsu ya sa sabuwar riga, bindigarsa ta yi walƙiya? Rigar nan ko harsashi ɗaya ba ta tarewa. Na ga saurayin da ya hana cikinsa abincin rana saboda ita. Idan mace ta sauya wa jarumarta kaya a ce kwalliya, idan namiji ya yi a ce gayu ne na manyan 'yan wasa. Kamfanonin ba su da wannan ruɗu, sun san aljihun kowa suke nema.

Duk abin da na kawo zuwa yanzu daga bakin 'yan wasa aka ji shi, kuma mutum yakan faɗi abin da yake ganin ya dace da shi. Shi ya sa binciken da ya fi ƙarfi a wurina shi ne wanda Dmitri Williams da Mia Consalvo da Scott Caplan da shi Yee suka fitar a 2009. Kamfanin Sony ya buɗe musu rumbun bayanan EverQuest II, suka haɗa amsoshin mutum wajen 7,000 da ainihin abin da na'ura ta rubuta cewa sun yi. Mata kusan kashi 20 ne na 'yan wasan. Amma su suka fi zama: kusan awa 29 a mako, maza kusan awa 25. Su ne kuma suka fi cewa ba su da niyyar barin wasan. Da aka tambayi kowa awa nawa yake yi, duka ɓangarorin sun rage, sai dai maza sun rage kusan awa ɗaya, mata kusan uku. Wannan ragin ya fi komai faɗa mini gaskiya. Mace tana wasa fiye da namiji amma tana jin nauyin a sani, har a takardar da babu sunanta. Idan haka ne a Amurka, ina ga yarinyar da ke unguwar Yelwa a Garwa ko Domayo a Marwa, wadda idan aka gan ta da waya a hannu za a ce wanke-wanke na jiranta?

Batun iyawa ma an duba. A 2016 Cuihua Shen da abokan aikinta sun bi sawun mutane sama da 10,000 a wasanni biyu, EverQuest II da wani wasan ƙasar Sin mai suna Chevaliers' Romance III. Da aka daidaita lokacin da kowa ya zuba da irin jarumin da ya zaɓa, mata suna hawa mataki da saurin da maza ke hawa. Wannan magana ta ƙare.

Yanzu ga aikin warkarwa da kuka miƙa musu, wanda nake zargin shi ya kori biyun nan. A irin waɗannan wasanni runduna takan kasu uku: mai tsayawa gaba ya sha duka, masu kai sara, da mai tsayawa baya yana mayar wa mutane da jininsu. Ko'ina a duniya an ɗauka na ukun aikin mata ne. A 2011 Yee da Ducheneaut da abokansu suka ɗebi bayanan World of Warcraft suka auna yawan warkarwar da kowa ya yi a kan yawan saran da ya kai. Da suka duba jinsin mutumin da ke riƙe da na'ura, maza da mata ba su bambanta ba. Da suka duba jinsin jarumin da ke cikin wasan, sai ga bambanci: jarumai mata sun fi warkarwa. Namiji idan ya ɗauki jaruma mace sai ya ƙara warkarwa, mace idan ta ɗauki jarumi namiji sai ta rage. Ka ga ke nan ba a jinin kowa abin yake ba. Mutane ne suka yarda cewa haka mace take yi, duk wanda ya sa rigar sai ya taka rawar, daga nan kowa ya duba fili ya ga jarumai mata suna warkarwa ya ce ai ga shaida.

Kada kuma ka manta yawancin lokaci ba ka san wa ke cikin rigar ba. A wani gwaji da Rosa Mikeal Martey da abokan aikinta suka fitar a 2014, da mutum 375 a World of Warcraft, kashi 23 na maza jaruma mace suka ɗauka, mata kashi 7 ne kawai suka ɗauki namiji. Tunda maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, wani babban kaso na matan da kake gani suna yawo a wasa gardawa ne.

Ko masu ƙera wasa ba su tsira daga wannan zato ba. Namu na gida, Aurion, wanda Kiro'o Games na Olivier Madiba suka fitar daga Yawunde a 2016, abin alfahari ne, na kuma ji daɗinsa. Amma ka duba rabon aikin: sarki Enzo ne ke dambe, sarauniya Erine tana mara masa baya da warkarwa da tsafi. Ba laifi ba ne a labari ɗaya. Idan labari ɗari suka yi haka, yaro ya tashi yana ganin kamar doka ce.

Akwai wani dalilin da ke tura mata baya, shi ne ƙofar da suka shigo ta ita. A binciken mutum 30,000 ɗin nan, kusan kashi 60 na mata suna wasa ne tare da miji ko saurayi, maza kuwa kashi 16 ne kawai ke wasa da matansu ko budurwarsu. Wanda ya riga ka shiga ya riga ya zaɓi takobi. Idan ya jawo matarsa ko ƙanwarsa, abin da zai ce shi ne ki ɗauki mai warkarwa, muna da ƙarancinsu, kuma ba wuya. Rabindra Ratan da abokansa sun ga irin haka a League of Legends a 2015: matan da ke wasa da abokin zamansu sun fi karkata ga aikin tallafi, kuma ko da ƙwarewarsu na ƙaruwa daidai da ta maza, ba su kai mazan yarda da kansu ba. A wajenmu abin ya fi haka tsanani, don sau da yawa wayar ma ta yayan ce. Ka tambayi shidan nan wa ya kawo su, wa kuma ya zaɓa musu jaruma ranar farko.

Shi ya sa ƙirga kawuna ba ya nuna abin da zuciya ke so. Kamar ka je majalisar mai shayi ƙarfe goman dare ne, ka ƙirga maza 15 babu mace ko ɗaya, ka tashi ka ce mata ba sa shan shayi. A 2017 Quantic Foundry sun fitar da kason mata a kowane nau'in wasa daga amsoshin mutum 270,000. Wasannin ƙwallo da sauran motsa jiki, kashi 2. Na harbi, ƙasa da kashi 10. Irin naku na duniyar takubba da dodanni, kashi 36. Irinsu amma na sararin samaniya da kumbo, kashi 16. Mai gaggawa zai ce to shi ke nan, mata ba sa son kumbo. Amma a cikin na sararin samaniyar, Star Wars: The Old Republic yana da kashi 29, kusan ninki biyu na 'yan'uwansa. World of Warcraft kuma, da yake na takubba, kashi 23 ne, ƙasa da 'yan gidansu. Dragon Age: Inquisition ya kai kashi 48 alhali nau'insa 26 ne. Da halitta ce ke raba wannan rabo, ba za a ga irin wannan tsalle tsakanin wasanni biyu masu kama da juna ba. Yadda aka rubuta labarin, irin jaruman da aka ba mutum ya zaɓa, da halin jama'ar da ya tarar a ciki, su ke buɗe ƙofa ko su rufe.

Halin jama'a kuwa an gwada shi ƙiri-ƙiri. A 2013 Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose sun naɗi 'yan kalmomi marasa laifi, irin su gaisuwa da yabon wasa, da muryar namiji da ta mace, suka riƙa sakinsu a Halo 3, wasan harbi. Muryar mace ta jawo baƙar magana ninki uku na abin da muryar namiji ta jawo. Da Michael Kasumovic da Kuznekoff suka sake duba irin waɗannan bayanai a 2015, sai suka ga mazan da wasa ke ba kashi su suka fi yi wa muryar macen rashin mutunci, gwanayen kuwa sun fi sakin fuska. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani ranar da za ka duba su wa suka fi ɗaga murya a kan maganar mata a ƙungiyarku.

A nan arewa zagi ba shi ne babbar matsalar ba, yaranmu da sauran kunya. Naci ne. Ni da kaina da sunan namiji nake wasa, makirufona a kashe, ba don tsoro ba, don na gaji. Ranar da na buɗe baki a wata ƙungiya, kafin a gama farmakin da muka kai wa dodo saƙo ya cika akwatina: daga wace unguwa, da aure ko babu, a taimaka da lambar WhatsApp, wani har da kyautar takobin da ban roƙa ba. Babu wanda ya zage ni. Amma daga ranar na daina zama mai riƙe gaba da ake kira idan dodo ya gagara, na koma Hajiya da ake yi wa sannu. Mace ta ga haka sai ta yi ɗayan uku: ta yi shiru, ta koma wasa ita kaɗai tana tattara abubuwanta, ko ta tafi. Mai kallo daga waje sai ya ce ba ta son fafatawa. Alhali fafatawa a rukuni ba ta yiwuwa sai da murya, muryar kuma ita ce ke jawo mata abin da take gudu.

Sai ka ƙara da abubuwan da alƙaluman can ba su san da su ba, don mafi yawan waɗanda suka amsa tambayoyin nan 'yan Amurka da Turai ne masu kwamfuta a ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu a waya muke wasa. Rahoton GSMA, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, na 2024 ya ce a Afirka kudu da Sahara giɓin da ke tsakanin mata da maza wajen amfani da intanet a waya kashi 32 ne cikin ɗari. Wadda ta samu wayar ma sau da yawa ita ce tsohuwar da yaya ya bari, batirinta ba ya kai wa la'asar, ga zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke sa waya ta yi zafi ta riƙa sanɗa. Babban farmaki yana son awa biyu ko uku a jere ba tashi, kuma kun fi sa shi da tsakar dare lokacin da layi ya fi sauƙi. Saurayi yana iya zama a ƙofar gida ko shagon caji har ƙarfe ɗaya yana ihu a waya, ba mai ce masa kanzil. Budurwa tana ɗaki ɗaya da ƙannenta, bango ɗaya da iyayenta, an ji tana magana da maza da tsakar dare ai sai Allah. Da rana kuma lokacinta guntu-guntu ne, tsakanin makaranta, islamiyya, girki da aike. Wasan da ake iya ajiyewa a ɗauka bayan minti 15 shi ne tattara kaya, ƙira, ciniki a kasuwar wasa, gyaran gida da kaya. Ko namiji ka ba wannan jadawalin, abin da zai zaɓa ke nan.

To halitta fa? Ba zan ce maka babu ruwanta sam ba. Tazarar son gasa tsakanin samari da 'yan mata tana fitowa a bincike da yawa, kuma masana suna ta muhawara a kan rabon jiki da rabon tarbiyya a cikinta. Amma ga abu biyu da za ka auna da su. A 2005 Janet Hyde ta Jami'ar Wisconsin ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 a kan bambancin halayyar maza da mata, ta samu kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen ƙanana ne ko kusan babu. Na biyu, a 2009 Uri Gneezy da Kenneth Leonard da John List sun kai wasa ɗaya, jefa ƙwallo cikin bokiti, wurin al'umma biyu, kowa ya zaɓa ko a biya shi a kan abin da ya ci, ko ya yi gasa da wani. A wurin Masai na Tanzaniya, inda maza ke riƙe da komai, rabin maza sun zaɓi gasa, mata kusan kashi 26. A wurin Khasi na arewa maso gabashin Indiya, inda gado da dangantaka ke bin ɗakin uwa, mata kashi 54 suka zaɓi gasa, maza kashi 39. Jini ɗaya ne na 'yan Adam, tarbiyya ta juya lissafin. Kuma ko inda tazarar take, magana ce ta matsakaicin dubban mutane. Ba ta gaya maka komai a kan mace ɗaya da ke gabanka. A cikin shidanku ana iya samun wadda ta fi duk samarin son ganin jini.

Abin da zan ba ka shawara a kai kaɗan ne. Ka daina raba aiki da jinsi, ka bar duk sabon shiga, mace ko namiji, ya ɗanɗana ayyukan nan uku kafin ya zauna a ɗaya. Za ka sha mamakin samarin da ashe warkarwa ta fi kwanta musu, suna jin kunyar faɗa ne. Ka sa doka ɗaya mai tsauri, ka kuma fara aiwatar da ita a kan abokinka na kusa: ba a bin 'yar ƙungiya da saƙon sirri sai da izininta, ba a neman lamba, wanda ya yi sau biyu ya kama gabansa. Murya kada ta zama dole, a tsara alamu da gajerun saƙonnin rubutu da za su wadatar. Ka ɗauke farmaki ɗaya a mako daga tsakar dare ka kai shi yammacin Asabar ko Lahadi. Sannan ka duba su wa kuke yabo. Idan kullum wanda ya fi kisa ne ake ambata, ka gaya wa mai haɗa magunguna da mai riƙe taskar ƙungiya da mai sanin taswira cewa su 'yan rakiya ne, kuma yawancin mazanka ma a cikin waɗannan suke.

Su kuma biyun da suka tafi, kada ka aika musu namiji, kai ma kada ka je da kanka tukuna. Ka roƙi ɗaya daga cikin huɗun da suka rage ta tambaye su, ba don a lallashe su su dawo ba, don a ji abin da ya faru. Mai yiwuwa data ce ta gagara, ko jarrabawa ta matso, ko an karɓe wayar a gida. Mai yiwuwa kuma suna nan cikin wasan a wata ƙungiya da wani suna. Idan suka ambaci sunan wani a cikinku, ka shirya jin sunan da ba ka so, ka kuma yanke tun yanzu abin da za ka yi idan ya kasance shi ne ya fi kowa iya sara a rundunarku.